Kwanar Tsoho

Tun kafin a fara zancen kawo famfo garinmu, ni ruwa nake tsoro, ruwan da ke cikin randata. In na ɗebo a moɗa zan ba 'yata, sai na kai shi wajen haske na duba, alhali na san abin da nake tsoro ba a ganinsa da ido. Likitocin da suka zo mana shekarun baya sun ce gubar dalma ba ta da launi ba ta da wari. Tana cikin ƙurar dutsen zinarin da mazanmu ke niƙawa, daga nan ta shiga ƙasa, ta shiga rijiya, ta shiga cikin yaro. Ita ta ɗauke mini na farin, yana shekara ɗaya da wata huɗu. To tun da na haifi ta biyun, in ta yi tuntuɓe sai na sa ta sake tafiya in gani. In jikinta ya yi ɗumi kaɗan, ranar ba ni ba abinci. Inna, uwar mijina, takan ce, "Ke ɗiyar ga, da kallo kaɗai za ki ramar da yarinya."

Na fara da wannan ne don a san abin da ke cikina lokacin da na yi abin da na yi. Ban kawo shi don ya wanke ni ba.

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu koma. Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar surukina, mahaifin maigidana. Ba zan rubuta sunansa ba, bakina bai kama shi yana raye ba, hannuna ba zai fara yanzu ba. Mu a gida Baba muke cewa. Mutanen gari kuwa Tsoho mai awo.

Ɗakina yana jingine da zaure, kuma akwai 'yar taga a sama, don haka duk abin da maza suka faɗa a ƙofar gida yana faɗowa kunnena ko ban nema ba. Kwana ukun zaman makoki na ji mutanen da ban taɓa sanin Baba yana da su ba. Wani dattijo ya zo daga Gummi. Ya ce shekara da shekaru da suka wuce ya kira Baba ya auna masa inda za a haƙa salga a sabon gidansa, Baba ya duba ya ce ba a nan ba, rijiyar maƙwabci ta yi kusa, ƙasar Gummi kuwa yashi ce, abin da ka zuba yau gobe yana cikin tulun wani. Ya ce har ya yi fushi ya ce ai gidansa ne. Baba ya ce, "Sama naka na. Ƙasa ta kowa ta." Ya naɗe igiyarsa ya hau mota ya dawo, ko kuɗin motar bai karɓa ba. Wani ɗan kwangila daga Bukkuyum ya ce a aikin kwalbati da lambatu bai taɓa ganin mai ƙiyasi irinsa ba: in ya ce lebura shida kwana tara, to ranar tara da la'asar ake wanke shebur. Ya ce, "Ni dai ban san abin da ya sa muka daina kiransa ba." Ni a cikin ɗaki na san abin da ya sa.

Mutanen garinmu kuwa ba su da dogon zance. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, a shafa fatiha, a tashi. Amma na ji wani yana kwatanta wa baƙi hanya ta waya, yana cewa, "Ka ce wa ɗan kabu-kabu ya sauke ka Kwanar Tsoho, gidan na nan gaba kaɗan." A bakin ƙofar mamacin ya faɗi haka, bai ma ji komai ba, don sunan ya zama sunan wuri. Wani saurayi kuma, ranar sadakar uku, ya rage murya ya ce wa abokinsa, "To yanzu dai sai a miƙe bututun nan, ruwa shi samu ƙarhi." Wannan maganar tana cikin abin da ya sa daga baya na nemi takarda.

Aikin Baba, ga wanda bai sani ba, shi ne sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa kafin a taɓa ta. In za a binne bututun ruwa, ko a haƙa rijiya ko salga ko ramin kwalbati, shi ake kira ya faɗi zurfin da za a yi, da yawan kayan da za a saya, da mutum nawa za su haƙa, cikin kwana nawa. Bai yi boko ba. Kayan aikinsa uku ne. Akwai doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, daga ƙulli zuwa ƙulli tsawon bututu ɗaya. Akwai rodi mai tsini da ya kai ƙirjinsa, wanda yake cakawa a ƙasa ya jingina kunne kamar mai sauraron cikin mace. Sai tsakuwa a aljihu: na dama na bututu, na hagu na kwanaki. In ya gama zagaya wuri sai ya tsuguna ya zazzage aljihun a kan tabarma, ya ƙirga, sannan ya ɗauko tsakuwa biyu daga ƙasa ya ƙara a kan ta kwanaki. In an tambaye shi na mene ne, ya ce, "Guda ta ruwan sama, guda ta jana'iza. Ba a yin aiki gari bai yi rashi ba."

Yakan ce ƙasar Gummi lallashi take so, ta Bukkuyum sai da faɗa don marmara ce mai karya diga, tamu ta ƙasar Anka kuwa munafuka ce, sama laushi ƙasa dutse. Yakan ce bututun da bai kai zurfin gwiwa ba na masu babur ne, su za su fasa shi. Abin da ya fi maimaitawa, har jikoki na kwaikwayonsa, shi ne ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa yadda take, ko an shekara talatin rodi zai faɗa maka. In ya zo shiga gida yakan tsaya a zaure ya yi gyaran murya sau biyu don mu surukai mu gyara lulluɓi, ya kakkaɓe ƙafarsa, ya wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya taɓa kowane yaro. Wannan wankin hannun tun shekarar da yara suka yi ta mutuwa ya fara shi, bai bari ba har ya koma ga Allah.

Da aka tona mana rijiyar burtsatse aka ɗora tanki a gabashin gari, hukuma iyakarta tankin. Jan ruwa zuwa unguwanni sai mutane suka yi karo-karo, har da baƙin da ke haƙar zinari, aka kafa kwamiti, aka ɗauko injiniya daga Gusau. Unguwarmu ita ce ta yamma. Tsakaninmu da tankin akwai wani fili siriri a bayan gidajen layinmu, ba a noma shi, ba a gini a kai, sai tumfafiya da aduwa guda ɗaya. Ko makaho ya san ta nan bututu zai bi, a miƙe kamar sanda, ya ɓullo daidai bayan katangarmu. Na yi ta lissafi a raina: gidanmu ne na farko. Zan daina sayen ruwan jarka da ban san inda aka ɗebo shi ba. Har na fara barci.

Ranar awo na leƙa ta ɓular katanga ina kallon Baba. Ya taho daga tanki yana jan igiya yana caka rodi, yana jefa tsakuwa a aljihu. Da ya iso bakin filin sai ya tsaya. Ya jingina rodin a jikin aduwa, bai caka shi ko sau ɗaya ba. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi gefe-gefe a hankali har ya fita ɗaya bakin, leɓunansa na motsi. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa Baba, wa ke cire takalmi a ƙarƙashin aduwa, ga ƙaya? Sai ya koma ya ɗauki igiyar ya bi da ita ta burtalin shanu, ya zagaye filin gaba ɗaya, ya shigo unguwar ta ƙarshenta. Gidanmu ya koma na ƙarshe.

Da la'asar aka zauna a ƙofar gidanmu. Injiniyan yaro ne mai ladabi, amma da takardarsa.

"Baba, ni bututu ashirin na samu. Kai ka ce talatin da uku."

"Talatin da uku na."

"To ina sha ukun suka fito?"

"Ta burtali za a bi."

"Don me? Dutse ne a filin?"

"Babu dutse."

"Na wani ne?"

"Ba na kowa ba na. Wurin ga wurin kwana na."

Injiniya ya yi dariya. "Haba Baba, ai kai ka kawo kwanar. Filin nan a miƙe yake. Kowace kwana ka yi wa bututu, ƙarfin ruwa kake ragewa, ga kuɗin mahaɗi, ga kwanakin leburori. Takarda ba ta nuna kwana a nan ba."

"Takarda ba ta taɓa riƙa diga ba, ɗana. Na hwaɗa maka wurin kwana na."

Samari suka ɗau hayaniya. Wani daga cikin baƙin masu zinari ya ce su ba su tara kuɗi don a yi wa ruwa yawon buɗe ido ba. Abin da na lura da shi, ban kuma gane ba, shi ne dattawan kwamitin ba wanda ya ce uffan. Su da kullum ba a raba su da gardama, ranar ko tari ban ji ba. Daga ƙarshe Baba ya ce ladan awonsa a zuba a kuɗin bututu, ramin da ya ƙaru kuma shi zai haƙa da hannunsa, kada a biya lebura. Amma in aka ce sai ta filin, to a nemi wani mai awo, kuma shi zai shimfiɗa tabarmarsa a wurin ya zauna. Mai unguwa ya ce a bi ta burtali. Aka tashi ana gunaguni.

Ni na fi kowa gunaguni, sai dai a ciki. A satin 'yata ta yi zazzaɓi kwana biyu, na tabbata ruwan jarka ne. Ina goye da ita ina zagaya tsakar gida ina jin ƙarar digar Baba daga burtali, tim, tim, a hankali irin na mai shekara saba'in, kowane bugu sai in ji kamar kwana ɗaya ya ƙara mini. Shi da wasu tsofaffi uku suke haƙar, ba wanda ya kira su, da kansu suka zo da digoginsu. Na san su duka. Na ma san kowannensu ya rasa jika a waccan shekarar, don tare muka yi ta karɓar gaisuwa da surukansu. Idona ya gani, hankalina bai haɗa ba.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan yayar faccalata. Mata sun cika tsakar gida ana raba tuwo, sai wata mai baki ta ce da ni, "Ke kam kin huta, surukinki ne mai awo, ai ruwa ɗakinki za shi hwara sauka." Aka yi dariya don kowa ya san mu ne na ƙarshe. Kafin in yi tunani na ji bakina yana cewa, "Ai ruwan namu mai ladabi na. Sai ya yi kwana ya gaida aljihun Tsoho kana shi iso."

Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Faccalata kaɗai ta zaro ido ta ce, "Ke! Baba fa?" Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi na ji. Tunda aka kawo ni garin ba a taɓa yin dariyar maganata ba, kullum ni ce mai tsoro, mai duba ruwa a rana. Ranar na zama gwana.

Kafin ranar kasuwa maganar ta fita daga hannun mata. 'Yan kabu-kabu in sun zo wurin sai su danna oda su ce, "A gaida aljihu!" Ba a jima ba wurin ya zama Kwanar Tsoho. Da yake daga cikin gidansa maganar ta fito, ba wanda ya tsaya bincike: in surukarsa ta faɗa, ai ta ga wani abu ne. Motocin kasuwa suka kai ta Bukkuyum, suka kai ta Gummi. Kiran da ake yi masa ya fara ja baya, daga wata-wata ya koma shekara-shekara, sannan ya ɗauke. Rodin ya koma bayan ƙofar zaure, Inna na rataya masa tsumma.

Maigidana ya ji. Ranar ya shigo na ajiye masa tuwo, ya buɗe ya rufe. Ya ce, "Ke kinka hwaɗi maganar ga?" Na ce wasa ne. Ya tashi ya fita, bai ƙara tayar da zancen ba. Na ɗauka kunyar abin da ubansa ya yi ce ta hana shi faɗa. Har wani ƙarfi na ji.

Ruwa ya iso gidanmu sati uku bayan na kowa. Ranar Baba ya yi gyaran murya sau biyu ya shigo da butarsa, ya ce yana son ya ga ƙarfinsa. Na durƙusa daga bakin ɗaki na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya buɗe famfon, ruwan ya yi tari ya yi tari ya zubo. Ya tara hannu ya sha, ya ce alhamdu lillahi. Sai 'yata ta sheƙo ta riƙe masa riga. Tana shekara huɗu lokacin, kuma wasan jika da kaka a tsakaninsu ba a magana, amaryarsa yake ce mata.

"Amarya, ga ruwa na kawo miki, saura ki yi min tuwo."

"Ba ni yi! Kai tsoho na, ba ka da haure."

"To wa za ki aura?"

"Mai babur." Sai ta tura hannu a aljihunsa. "Kaka, ina abin da ruwa yab ba ka? Mamata tac ce ruwa na zuwa gaida aljihunka."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Inna ta tsaya da muciya a hannu. Baba ya yi dariya, dariya ta gaske har da tari. Ya tsuguna, ya juye aljihun dama, ya juye na hagu. Tsakuwoyi suka zubo a kan siminti.

"Ga su nan, amarya, dukiyar duka. Kwashe, sadakinki na."

Ta kwashe tana murna. Ya miƙe da ƙyar, ya juyo wajen ƙofata ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ɗiyata, ki bar shi shi zuba kaɗan kullum da sahe kahin ki tara. Na hwarko na kwana cikin roba." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Tun ranar na san bai ci ko sisi ba. Mutumin da ya ci kuɗi ba ya sayar da tunkiyarsa da rani, ba ya ɗinke takalmi ɗaya sau uku. Amma dalilin kwanar ban sani ba, na bar shi a kan taurin kan tsufa. Na yi niyyar neman gafara ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. To ta ina suruka za ta fara? Mu da ko ido ba mu haɗawa. Sai na koma ina roƙo da kwano: in na dama fura in zuba masa nono mai kauri, in an yanka kaza in ɓoye masa hanta. Kwanon ya dawo a wanke, a ce Baba ya ce Allah shi yi albarka. Na mayar da wannan albarkar ita ce yafewa don haka ya fi mini sauƙi. Da ya kwanta ciwon ajali na je na durƙusa a bakin ƙofarsa, na haɗa maganar tun daga ɗakina, kalma bayan kalma. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Sannu Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata. Ruwa na zuwa?"

"Yana zuwa, Baba."

"To madalla."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Bayan kwana biyu kwanansa ya ƙare.

Washegarin sadakar bakwai da hantsi, baƙi sun watse, Inna ta aika a kira ni ɗakin da take takaba. Ta ce in sakaya ƙofa. Ta ce, "Zamna." Ta ɗaga gefen katifa ta zaro wata 'yar igiya da ba ta fi kamu biyu ba, ta yi baƙi don shafa. Ƙulli bakwai ne a jiki, kusa da kusa.

"Kin san igiyar ga?"

Na ce ta yi gajarta ga awon bututu.

"Ba ta bututu ba ta."

Sai ta faɗa mini. A shekarar da yara ke ta jijjiga suna mutuwa, da aka ji ma'aikata za su zo bincike, maza suka tsorata. Suka ce in aka ƙirga sababbin kaburbura a maƙabarta za a hana niƙan dutse, gari kuma da shi yake ci. Sai suka haɗa baki, wasu yaran ba a kai su maƙabarta ba. Baba ya ce wannan ba daidai ba ne, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, aka rinjaye shi. Da ya ga za a yi ko da shi ko ba shi, sai ya ce to shi zai haƙa, don a yi musu yadda addini ya ce, a fuskantar da su gabas, a yi zurfin da kare ba zai tona ba. Ya haƙa a bayan gidaje, gindin aduwa, aka baje ƙasar ba tudu ba alama. Kowane yaro ya yi masa ƙulli, tazarar ƙullin ita ce tazarar makwancinsu in an fara daga jikin itacen, taki ɗaya a madadin yatsa uku. Aka yi rantsuwa ba za a faɗa wa mata ba.

Inna ta kama ƙulli na huɗu ta sa mini a tafin hannu. "Wanga naki na."

Ni ban taɓa tambayar inda aka kai shi ba. Ɗan fari ne. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, in ya mutu ba a kuka da ƙarfi. Ranar da aka naɗe shi a zane aka fita da shi, na bi bayan maza da ido har zaure, na koma na ci gaba da tankaɗe don kada a ce ba ni da kunya. Shekara da shekaru in an wuce da gawa maƙabarta sai in aika masa sallama a zuci ta can. Ashe yana bayan katangata. Inda nake watsa ruwan wanke-wanke bai fi taki goma da kansa ba.

Inna ta ce, "Kin ji yana ce ma yaron ga na Gusau wurin kwana na. Bai yi ƙarya ba, bai kuma karya rantsuwa ba. Ku kunka ji kwanar bututu. Shi kwanan ɗiya ya ka nuhi."

Na ce, "Inna, ya san ni ce na yi maganar aljihu?"

"Tun ranar."

"Me ya ce?"

"Ni nic ce bari in kira ki in ci mutuncinki, in hwaɗa miki abin da ke wurin, in ga bakin da za ki ƙara magana da shi. Yac ce in na yi haka bai yahe min ba. Yac ce, ƙyale ta, ruwa ta ka nema ma ɗiyarta, ba ta yi laihi ba. In ta sani, kullum ta zo ɗibar ruwa wurin za ta kallo, ruwan ba ya shayuwa gare ta. Gara ta yi hushi da ni ta sha ruwa." Ta gyara lulluɓinta. "Ni ban yi rantsuwa da kowa ba, kuma na ji yaran ga na zancen miƙe bututu. Tsohhin da sunka sani saura guda, shi ko ba ya gane mutane. Iyayen ɗiyan kunya ta ɗaure musu baki, don su sunka kawo dutsen cikin gida. Ke kin iya rubutu. Kuma ke kin iya maganar da ka zagaya gari."

Wannan ta ƙarshen ba da faɗa ta faɗe ta ba. Da ta mare ni da ya fi sauƙi.

Na sami maigidana na ajiye igiyar a gabansa. Ya gane ta. Shi ya riƙe yaron ranar, shi kuma ya shigo da turmin dakan dutse tsakar gidanmu tun farko. Tuwon da ya rufe bai ci ba, ashe ba kunyar ubansa ba ce. Na ce zan rubuta, a karanta wa kwamiti, a kai Gummi da Bukkuyum, duk inda maganata ta je. Ya ce mutane za su zage su. Na ce Baba ya sha zagin shekara nawa a madadinku, da bakina? Sai ya ciro biro daga aljihunsa ya miƙo mini.

Jiya da safe na zagaya bayan gida. Na cire takalmi a gindin aduwa, ƙaya ta soke ni, na ƙirga taki yadda Inna ta kwatanta. Ba komai a wurin sai busasshiyar ciyawa da kashin awaki. Na tsuguna na dafa ƙasar. Ban san abin da ake cewa ba, sai na ce masa ruwa yana zuwa, ƙanwarsa ta shiga makaranta, kakansa ya taho. Ɗana. Ban taɓa faɗin kalmar nan a kansa ba sai a wannan takarda.

Ban yi karatu mai nisa ba, in an ga kuskure a gyara. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Duk wanda ya taɓa jin cewa Tsoho mai awo ya ƙara bututu don ya ci, ya sani ni na ƙaga, a gidan suna, don a yi mini dariya, kuma ƙarya ce. Wanda ya kai maganar wani gari ya taimake ni ya kai wannan ma. Ku roƙa masa gafara, Allah ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya gyara na 'ya'yanmu, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna haƙuri. Sauran uwaye shida, ku zo, igiyar tana wurina, za mu ƙirga tare.

Ku kuma samari da 'yan kwamiti, da duk injiniyan da za a ɗauko nan gaba: na san ruwan unguwarmu ba shi da ƙarfi, ni ce ta ƙarshe a layi, na fi kowa sani. Zan jira jarkata ta cika. Kada ku miƙe bututun. Kada ku sa diga tsakanin aduwa da bayan katangarmu. Sunan kuma ku bar shi yadda yake, Kwanar Tsoho, ya biya shi da tsada. Sai dai in kun zo wucewa ku sassauta babur, ku bar danna oda, ku yi sallama. Wurin kwana ne.